Takardar Sadiƙu da Wasan Ƙarshe

Har gobe ban manta da ranar Alhamis ɗin da aka ajiye mini takardar Sadiƙu a kan tebur, aka ce in sa hannu kafin a tashi ba. Kun ce in ba ku labari ɗaya daga aikin nas a makaranta, ku da kuke ganin aikin bai wuce raba maganin ciwon ciki da manna filasta ba. To ga shi.

Ni Rifkatu, 'yar Zonkwa, na yi shekara goma sha ɗaya ina aikin nas a wata makarantar kuɗi ta maza zalla a gefen Washington. Kullum daga Hyattsville nake tuƙo tsohuwar motata, in ajiye ta tsakanin motocin ɗalibai da suka fi tawa tsada sau uku. 'Ya'yan lauyoyi ne da likitoci da manyan gwamnati. Abin da makarantar ke taƙama da shi, bayan ciyawar filinta, shi ne ragbi. Ga wanda bai sani ba, wasa ne da ake rungumar ƙwallo mai siffar ƙwai a ruga da ita, abokan hamayya su kamo mutum su kayar, ba hular kwano, ba komai. Daga Maris zuwa Mayu ake yinsa. Iyayen yaran na mutuwar son kofi, amma 'ya'yansu ba su da jikin kawo shi.

Don haka ake fita farauta. Makarantar za ta rantse muku ba ta ba da tallafin karatu saboda wasa. Nata tallafin na mabuƙata ne, ana sabunta shi kowace shekara. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne duk mabuƙatan da Allah ke turo mana masu faɗin kafaɗa ne. Shekara goma sha ɗaya ban taɓa ganin siririn mabuƙaci ba. Kocinmu, Greg, yakan zagaya filayen unguwanni ran Asabar yana duba cinyoyi da wuyan yara kamar mai neman ragon layya. A haka ya tsinto Sadiƙu a unguwar Landover.

Na san gidansu Sadiƙu tun kafin nan. Mahaifinsa, Malam Isufu, mutumin Maraɗi ne, direban tasi. Da mahaifiyarsa, Hajiya Zuwaira, muka saba a shagon kayan miyar gida. Lokacin da yaron ya sauke Alƙur'ani ta gayyace ni walima, ni Kirista, na je na zauna cikin mata. Malaminsu ya riƙa ɗauko aya daga ko'ina, yaron yana ɗorawa da ka, ba gargada. Ko harafi ɗaya ban sani ba, amma na ga dattawa suna share ido. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Mutanen makarantarmu sun ɗauke shi, suka maimaita masa aji ɗaya, wai don ya saba da karatunsu. Gaskiyar ita ce don ya ƙara shekara ya ƙara nauyi. Yana zuwa kuwa suka fara cin wasa.

Ga yadda tsarin yake. A sama akwai shugaban makaranta, sai daraktan wasanni, sai koci da mataimakinsa. Ni ba na layinsu. Amma a farkon shekarun dubu biyu da goma, da aka fara surutu a kan buguwar kai, makarantar ta kafa doka. Kafin a fara kakar wasa kowane yaro zai zauna gaban kwamfuta ya yi gwajin ƙwaƙwalwa: a nuna masa kalmomi da zane-zane, can anjima a tambaye shi waɗanne ya gani. A adana sakamakon. Ranar da ya bugu a kai sai ya huta, ya sake gwajin, a kwatanta da na farko. In ya kamo na farkon, likita ya sa hannu, nas ta sa hannu, ya koma fili. A takarda tsari ne mai kyau. Mataimakin koci ne ke tsaron ɗakin gwajin, ni sakamako kawai ake kawo mini.

Wata Asabar a watan Afrilu, da rana tsaka, gwiwar wani yaro ta sami Sadiƙu a gefen kai. Ina bakin fili. Ya tashi ya nufi ɓangaren abokan hamayya, sai da aka juyo da shi. Na cire shi daga wasan nan take. Asabar mai zuwa kuma ita ce wasan ƙarshe, na kofi.

Ran Alhamis sai ga Greg a ofishina da murmushinsa na mai tallan inshora. Shekara shida muna aiki tare bai taɓa iya ƙarasa sunana ba.

"Rifka," ya ce, "kwamfuta ta ce yaronmu garau yake. Likita ya sa hannu. Ke kaɗai muke jira."

Na ce ya bar mini takardar. Na duba, lallai sabon sakamakon ya yi daidai da na farko. Sai dai na farkon ne matsalar. Yana can ƙasa, irin wanda na saba gani wurin yaron da ba ya iya riƙe lambar ɗakinsa. Na tuna ranar walima. Yaron da ya ɗauke littafi guda a ka, wai shi ne ya kasa tuna kalmomi 'yan ƙalilan bayan minti biyar, yana cikin ƙoshin lafiya.

Na jawo fayil ɗin sauran 'yan wasan. 'Ya'yan masu kuɗi, har da waɗanda malamai ke kuka da su, sakamakonsu lafiya lau. Yaran tallafi kuwa, dukkansu a ƙasa, kamar an haɗa baki. Ashe an haɗa ɗin.

Na aika aka kira mini Sadiƙu. Ya shigo yana kanne ido kamar haske na damunsa. Na kashe fitila ba tare da na ce komai ba, sai na ga kafaɗunsa sun sauka. Na tambaye shi da Hausa, ya amsa da Turanci kamar yadda yaranmu na nan suke yi.

"Sadiƙu, gwajin farkon nan, ka yi iya ƙoƙarinka?"

Ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa.

"Ni fa na ci shinkafar saukarka. Kar ka raina mini hankali."

"Anti, kowa haka yake yi," ya ce. "Manyanmu ne suka gaya mana. Ka faɗi na farko da gangan, don ranar da ka bugu ka iya kamo shi. Mataimakin koci yana bakin ƙofa, cewa kawai ya yi kar mu wahalar da kanmu."

"Me ya sa su 'ya'yan masu kuɗin ba sa yi?"

Ya ɗago ya dube ni kamar na yi tambayar yara. "Su ai ko ba su buga ba, suna nan baɗi."

Kun ga inda hikimar take. Ba wanda ya rubuta komai, ba wanda ya ba da umarni. An dai bar yaro ɗan shekara goma sha shida ya gane da kansa cewa kujerarsa a aji a kafaɗarsa take, shi ya san yadda zai yi da kansa. In kuma ya sake buguwa kafin na farkon ya warke, ku nas-nas ne, kun san abin da ke iya faruwa. Akwai wanda ba ya tashi.

Na ce ba zan sa hannu ba. Kafin awa ɗaya daraktan wasanni ya kira ni. Mutum ne mai taushin murya, irin masu yanka ka suna tambayar ko ka ji daɗin hutu. Ya ce suna girmama ƙwarewata, amma an kawo na'ura ne don a daina aiki da zato. Ya ce tunda iyaye ne ke da ta cewa, sun kira mahaifin. Sun san abin da suke yi. Sun san mutumin da aka yi wa alheri bai iya musu ba.

Bayan azahar Malam Isufu ya iso. Ya ajiye tasi ya koma gida ya sa kaftani, don zai shiga gaban manya. Muka zauna a ofishina: shi, Sadiƙu, Greg da ni. Bayan mun gaisa, ya tambayi mai gidana da yara, sai ya sassauta murya. Bai kama sunan ɗansa ba, ɗan fari ne.

"Madam, don Allah ki rufa mana asiri. Mutanen nan sun yi mana halacci. Lakwal irin wannan, makarantar 'ya'yan manya, ko a mafarki ban taɓa sa ran yaron nan zai taka ta ba. Yanzu rana ɗaya sun nemi abu wurinmu, sai mu ce a'a? Shi da kansa ya ce mini lafiyarsa lau."

Raina ya ɓaci, ba da shi ba, da waɗanda suka jawo shi nan. Na ce, "Malam, ba zan yi musu da kai ba, ba kuma zan yi da kwamfuta ba. Abu ɗaya nake roƙo. Ka sa shi ya karanta maka abin da ya fi sani a duniya. In ya kai ƙarshe, ga biro nan."

Ya dube ni, ya dubi ɗansa. Ya gyara zama, ya kama wa yaron sunan sura. "Jawo mini Tabara."

Sadiƙu ya soma. Muryar nan dai ta ranar walima. Bai yi nisa ba ya tsaya. Ya koma farko, ya zo daidai wurin ya sake tsayawa. Uban ya ɗora masa, ya kama, ya ɗan tafi, sai na ga uban ya girgiza kai; ashe ya faɗa wata surar daban. Ya sake gwadawa sau biyu. Daga nan ya dafe goshi, hawaye na zuba, bakinsa na motsi ba abin da ke fita.

Greg ya matso kusa da ni ya raɗa mini, "Waƙar tasu za ta daɗe? Muna da atisaye ƙarfe huɗu."

Abin da ya zo bakina ba na ofis ba ne, sai na haɗiye shi.

Malam Isufu ya ce, a hankali, "Tun yana shekara bakwai bai taɓa kwanciya bai karanta ta ba." Ya miƙe ya kama hannun ɗansa. Turancinsa ya ishe shi, shekara nawa yana ɗaukar fasinja. Amma ba zai iya kallon idon wanda ya yi masa alheri ya ƙi shi ba. Ni ya juyo ya ce wa, "Madam, ki faɗa masa ba zai yi wasan ba. Ki ce muna godiya."

Na faɗa masa. Godiyar ce dai na manta ban isar ba.

Ran Asabar suka ci kofinsu ba tare da Sadiƙu ba. Aka yi ta rungume-rungume. A watan Yuni wasiƙa ta isa Landover: kwamitin tallafi, bayan dogon nazari, ya ga cewa yaron zai fi bunƙasa a wani yanayin karatu. Kalmar ragbi ba ta fito ko sau ɗaya ba. Na ɗauki wasiƙar na shiga wurin shugaban makaranta. Ya saurare ni da kai a karkace, cike da tausayi, sannan ya ce, "Sista, ai mu ba ma ba da tallafin wasa. Ta yaya za mu janye abin da ba mu bayar ba?"

Maganar gwajin kuwa, na rubuta rahoto, aka kafa kwamiti, aka sha shayi. Ba a taɓa kowa ba. Abin da ya fito shi ne daga yanzu nas ce za ta tsare ɗakin gwajin, wato an ƙara mini aiki. Na karɓa hannu biyu. Daga shekarar nake zama kusa da kowane yaro, in na ga yana danna amsa da ganganci sai in goge, a sake daga farko. Greg ya daina ce mini ko Rifka ɗin ma.

Sadiƙu ya koma makarantar gwamnati ta unguwarsu. Ciwon kan ya kai wata biyu kafin ya sake shi. Hajiya Zuwaira ta yi kusan shekara tana ganina a shago tana juya baya, kuma ban ga laifinta ba. A wurinta ni na rufe wa ɗanta ƙofa. Abin ya yi mini zafi, ba zan ɓoye ba. Malam Isufu ne wata rana ya tsayar da tasi a gefena a wurin ajiye motoci, ya sauke gilashi. Bayan gaisuwa ya ce, "Madam, Tabara ta dawo." Bai ƙara komai ba ya ja motarsa.

Abin da wannan aiki ya koya mini, ku da za ku shiga makarantu irin wannan, shi ne takarda tana faɗin abin da masu buƙatarta suke so ne. Kafin ku yarda da sakamako, ku san yaron, ku san wa ya tsare ɗakin, ku san me zai rasa in ya ce yana jin ciwo. Su kuma manyan, kar taushin muryarsu ya ruɗe ku. Sun sallami Sadiƙu a watan Yuni, amma hotonsa ya yi shekara uku a bangon littafin tallar makarantar, rungume da ƙwallo yana dariya, a ƙasa an rubuta cewa ƙofarsu a buɗe take ga kowa. Shi wannan Sadiƙun sun riƙe shi da kyau. Ba ya ciwon kai.