Zanen da Ba Ta Ƙone Ba

Mai Guga muke ce mata. Ta rasu tana da shekara casa'in da ɗaya, kuma ban san wanda ya taɓa ganinta zaune hannu a cinya ba, sai ko a coci. Can ma carbinta yana tafiya tsakanin yatsu.

An yi mata aure da wani birkila mai yawan dariya da yawan tari. Ta haifi bakwai, ta binne biyu, sannan ta binne shi kansa tun autanta yana goye. Daga nan ta samu aiki a ɗakin wankin asibiti, ta yi shekara ashirin da shida tsakanin tururi da sabulu, har fatar hannunta ta koma kamar ɓawon itace. Da wannan hannun ta yi wa yara biyar makaranta.

A asibitin ne wata Sista ta koya mata sana'arta ta biyu, wadda ba a biya: juya mara lafiya. Wanda ya kwanta ba ya iya motsi, in aka bar shi a gefe ɗaya, fatarsa takan buɗe a ƙugu da kafaɗa, gyambo ya yi ta ci har ƙashi. Sai a ninka zane a ƙarƙashinsa, mutum biyu su kama gefe da gefe, a juya shi a hankali kamar jariri. Da ta yi ritaya, duk gidan da wani ya kwanta a unguwarmu, kafin a aika mata ta riga ta iso. Ba ta tambayar inda mai gida yake ibada. Takan tambayi inda ake ajiye bokiti.

A coci kuma ita ke riƙe da makullin ƙaramin ɗakin da ke bayan bagade, teburin da ake ibada a kansa. Kowace Asabar takan wanke zannuwan bagade, ta goge su da dutsen gugarta na gawayi. An saya mata na lantarki, ta ɗaga shi ta ajiye, ta ce wannan ba shi da nauyin da zai ba zane tsoro. Akwai ƙa'ida da kowa ya sani: zanen da aka tsarkake, in ya tsufa, ba a mai da shi tsumma. Ƙone shi ake yi, a binne tokar a bayan coci. Wannan ma aikinta ne.

Ni malamin firamare ne a da. Alli na iya riƙewa. Ranar da uwar 'ya'yana ta faɗi a bakin murhu, ɓarin jikinta ya shanye, sai na tarar ban san ta ina ake kama mutum ba. Yaranmu suna nesa. Kwana uku da dawowarmu daga asibiti Mai Guga ta yi sallama, da ƙunshi a hamata. Ta kwance shi, ga farin zane mai taushi, irin wanda hannu ba ya son rabuwa da shi. Na ce ai muna da sababbi a akwati. Ta ce sabon zane haƙora gare shi, zane sai ya sha wanki ɗari kafin ya koyi tausayi.

Muna shimfiɗawa na ga ɗan gicciye a kusurwa, ɗinkin jan zare. Ta kai hannu ta lanƙwasa kusurwar ƙasa. Na gani, ta ga na gani. Ta ce, “Malam, kama wancan gefen.” Na kama.

Haka muka yi wata bakwai, kullum da hantsi. Ana cikin haka aka zaɓe ni shugaban kwamitin coci. Ba zan ɓoye ba, kujerar ta yi mini daɗi. Har hula na sake.

Wani mai kemis, ɗan kwamitinmu, mutum mai murya, shi ya hangi zanen bagade a kan igiyar shanya a gidan wani tsohon mai gyaran takalma da bai taɓa taka ƙofar coci ba. Zanen yana da tabo irin na mai jinya. Aka kira taro bayan Misa ta biyu, a wani aji na makarantar coci, muka zazzauna a kan bencin yara, gwiwoyinmu a ƙirji. Fadan namu, limamin cocin, sabo ne, yaro matashi, ko wata huɗu bai cika ba.

Mai Guga ba ta yi gardama ba. Ta ce ƙananan ƙyallayen da ake share ƙoƙon Misa da su, ba ta taɓa fasa ƙone su ba, kuma tana yi da addu'a. Manyan ne, na shimfiɗa, take yankawa biyu ta kai wa masu kwanciya. Fada ya tambaye ta ko ta san ƙa'ida. Ta ce ta sani tun kafin a haife shi, ya yi haƙuri.

“To me ya sa, Mama?”

“Wuta ba ta da gyambo, Fada.”

Wani ya yi dariya ya haɗiye. Mai kemis ya miƙe ya ce wasa ake yi da abin Allah, kuma abin da aka ɗauka ba da izini ba, sunansa ɗaya ne a ko'ina. Ya faɗi sunan. Ya ce ta lissafa gidajen da sauran suke, a je a karɓo. Mai Guga, matar da ta san ranar baftismar kowane yaro a cocin nan, ta ce tsufa ya zo, ta manta.

Na lura Fada ba ya son abin. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce ko akwai wanda ya san wani abu da zai taimaka a wannan magana. Yaro ne yana neman babba ya buɗe masa ƙofa. Da ya iso kaina ya ɗan daɗe. Ita ma ta dube ni, sau ɗaya. A jikin allon ajin akwai lissafin da wani malami bai share ba. Na tsaya ina duba shi. Har yau ina iya faɗa muku lissafin.

Aka yanke a karɓi makulli. Shugaba ne ke karɓa. Yana ɗaure a bakin zaninta, ƙullin ya shekara, ta yi ta fama da yatsu, daga baya ta sa haƙori. Ba wanda ya yi tari. Da ta sa mini shi a tafin hannu, da ɗuminsa.

Washegari na tashi da niyyar juya uwar 'ya'yana ni kaɗai. Hantsi bai gama ɗagawa ba na ji sallama.

“Ina kwana, Shugaba.”

Da Malam take ce mini. Daga ranar ba ta sake ba. Ta wanke hannu, ta shiga, ta yi wa mara lafiya tsiyar da ta saba, wai ta ƙara nauyi don tana cin abincin mutum biyu a kwance. Uwar 'ya'yana bakinta ya karkace, magana ba ta fita, amma kunnenta garau yake, kuma mata sun zo dubiya da yammacin Lahadin. Da muka juyo ta wajena, ta zuba mini ido. Na ce a juya ta wancan gefen, ta fi jin daɗinsa.

Shekara ɗaya da wata biyu Mai Guga ta ƙara tana zuwa. Uwar 'ya'yana ta koma ga Mahaliccinta ba ko ƙurji a bayanta. Na wanke zanen, na sa shi a ƙasan akwati, na ɗora takardun fansho a kai.

Mai Guga kuwa ba ta fasa Misa ko ɗaya ba. Wurin zama kawai ta sauya, daga benci na biyu zuwa na bakin ƙofa, ta ce iska take so. Aka kai wankin bagade wurin masu inji. Yara suka taso suna jin wai tsohuwar nan ta taɓa ɗaukar kayan coci, ba su san ko mene ne ba. Autanta, direban babbar mota, ya daina shiga coci. In mun haɗu yakan gaishe ni da ladabi, don bai san komai ba. Gaisuwar nan ta fi zagi nauyi. Sau da yawa na shiga ɗakin ikirari, inda ake faɗa wa Fada zunubi, na faɗi fushi, na faɗi ƙyashi, na fito da babban a aljihu.

Shekara ashirin da biyu.

Bara Mai Guga ta zame a banɗaki, ƙugunta ya karye. Na haɗu da babbar 'yarta, mai ɗinki, a bakin titi. Ta ce jiki da sauƙi, sai dai fata ta fara ja a kafaɗa, duk zanen da suka saya yana cin ta. Na ce Allah ya sawwaƙe. Na koma gida na ɗaga takardun fansho.

Ɗakinta ƙarami ne: gado, gicciye a bango, dutsen guga a kan taga da tsatsa a hannunsa. Auta yana nan, ya zo hutu. Na miƙa ƙunshin. Tsohuwar ta sa yatsa ta bi gefen zanen har ta kai ga jan zaren.

Na faɗa musu. Ban yi ado ba. Na ce ranar da aka kira uwarsu da wancan suna, wannan zanen yana ƙarƙashin matata, kuma Fada ya tambaye ni, na yi shiru.

Babbar 'yar ta zauna a bakin gado. “Shekara ashirin da biyu, Baba?”

Auta ya ɗauki makullin motarsa ya fita.

Tsohuwar ta shinshina zanen. Ta ce warin akwati yake yi, kuma wanda ya wanke shi bai ɗauraye sosai ba. Sannan ta ce, “Surutun ya isa. Shugaba, kama wancan gefen.”

Lahadin da ta biyo na roƙi izini lokacin sanarwa, na tsaya a gaban jama'a na maimaita. Mai kemis ya daɗe da rasuwa. Fadan nan an mai da shi wani wuri tuntuni. Yawancin waɗanda ke zaune ba a haife su ba sa'ad da abin ya faru. Suka saurara da ladabi, kamar yadda ake sauraron tsoho, wata tana jijjiga jariri. Da na gama mai sanarwa ya ci gaba da maganar gyaran rufi. Na kai bashi kasuwa bayan ta watse.

Wata biyar na yi ina zuwa da hantsi. Ta tafi ranar wata Talata, carbi a hannu, bayanta lafiya lau. Ranar jana'iza coci ta cika har waje, da mutanen da ba su san lokacin durƙusawa ba, jikokin mai gyaran takalma a cikinsu. Auta ya shigo, ya zauna a bencin bakin ƙofa. Da aka fito na miƙa masa hannu. Ya dubi hannun, ya ce, “Sannu, Baba,” ya wuce.

Bayan mako guda babbar 'yar ta zo gidana da zanen, a wanke, a goge da gawayi. Na ce ko mu kai bayan coci a yi masa abin da ƙa'ida ta ce. Ta ajiye shi a kan teburina, ba ta zauna ba. Ta ce akwai wani tsohon tela a layin bayan tasha da ya kwanta tun watan jiya, matarsa ce kaɗai, kuma juyi sai mutum biyu.

Bayana yana ciwo yanzu, kuma layin da ɗan nisa. Da hantsi nake zuwa. Kusurwar mai gicciye na daina lanƙwasa ta.