Tsohuwa Mai Shuɗin Ƙwai

Tun safe mai tumatir take satar kallon tsohuwar da ta zauna a gefen rumfarta. Ba ta taɓa ganinta a kasuwar nan ba. Siririya ce, zanenta ya koɗe amma a goge yake. A gabanta akwai kwandon ƙwai, wasu shuɗaye, wasu kore-kore, ta jera su cikin ƙaiƙayi kamar kayan ado.

Duk wanda ya tsaya sai ya yamutsa fuska.

"Mama, wannan ai ya lalace," in ji wata mata. "Ko shuni kika shafa masa?"

"Wallahi haka kajin suke yin sa, 'yata. Irinsu ne daban."

Sai ta ɗauki ɗaya ta fasa a bakin kwano. Ga gwaiduwa nan jawur, lafiya lau. Matar ta leƙa, ta ce "Ikon Allah," ta wuce wurin mai farin ƙwai.

Na shida ke nan da tsohuwar ta fasa.

Mai tumatir tana ta saƙe-saƙe a ranta. Wannan ba hannun 'yar kasuwa ba ne. Ƙila kajin na maigidanta ne, shi ya san masu saye, ya rasu ya bar ta da su. Tana so ta ce mata ta daina fasawa, to amma in ba ta fasa ba, wa zai yarda? Tana so ta saya, amma ta san ko ta kai gida, yaranta ba za su ci ba.

Ga wani mutum ya tsaya, yana yamutsa fuska. Tun bai buɗe baki ba, hannun tsohuwar ya kai kan na bakwai.