Mai Tauraro da Mai Hanci Biyu a Hanyar Yoko

Tashi daga Birik

Ana idar da sallar asuba muka ɗaga daga unguwarmu Birik a Yawunde, mota biyu, mutum huɗu. Masu tsire ko tokar jiya ba su kwashe ba, amma sai ga rabin majalisarmu tsaye a bakin masallaci, wai sun zo rakiya. Rakiyar me! Kallo suka zo, su ga wace mota za ta yi gardama. Duka biyun kuwa da bugu ɗaya suka tashi, har na ji wani ya yi tsaki.

Bari in gaya muku mafarin tafiyar. Kawuna Alhaji Audu, yayan mahaifiyata, a Yoko aka haife shi. Yana saurayi ya biyo garken shanu da ƙafa ya shigo Yawunde, kasuwa ta riƙe shi, bai sake komawa ba. Ƙanwa guda ta rage masa a duniya, wadda duk muke kira Goggo Ladi, tana can Yoko, idonta ya tafi. Wani mai koro shanu ne ya iso kasuwar Etudi da saƙo: Goggo na kwance, ta daina cin abinci, sunan yayanta kawai take kira. Kawu ya ce a kai shi, kuma kada wanda ya yi masa zancen a jira damina ta ɗauke.

To, 'ya'yansa maza biyu ne, kowa da motar Jamus. Alhaji Sani, babban, mai cinikin shanu, tasa mai tauraro ce a goshi, gazuwal take sha, wato man dizal, tana tafiya kamar matar alƙali. Alhaji Bala, mai atamfa a kasuwar Mokolo, tasa muke kira mai hanci biyu, esans take sha, wato fetur, kafin ka gyara zama ta kai ka. Tun da suka sayi motocin nan musu ya shiga tsakaninsu, ya fara da wasa, ya kai har sun daina cin abinci a kwano ɗaya. Majalisa kuma ta ƙara wa wutar itace, ta kafa doka: duk motar da aka ɗaura wa igiya aka ja, ta faɗi har abada. Turin mota ba laifi ba ne, ja ne abin kunya. Ni kuwa, Tanko tela, da yake taubashinsu ne, ina iya faɗa wa kowannensu abin da na ga dama, sai aka naɗa ni alƙalin tafiya.

Ana gobe za mu tashi, Sani ya shigo shagona da igiyar ɗaure bijimi a cikin babbar riga. Ya ce, "Tanko, ɓoye wannan. Motar yaron nan ba za ta kai ba, kuma ba zan bar ƙanina a daji ba." Bai daɗe da fita ba sai ga Bala da igiyar ɗaure dilar atamfa. Ya ce, "Sa wannan a kayanka. Tsohuwar motar Yaya sai an ja ta, amma kada ya sani." Na ce wa kowannensu to. Na cusa su biyun a buhuna, na ɗora tabarma a kai.

Obala

Kawu da kansa ya raba gardamar wa zai ɗauke shi. Ya ce daga gida zuwa kogin Sanaga yana motar Bala, daga kogi kuma sai inda hali ya yi. Muka wuce Etudi shanu na kuka, muka hau kwalta. Bala ya taka, gidaje suna wucewa fiu-fiu, yana leƙen madubi yana cewa, "Ina Yaya? Ko ya tsaya sallar walha ne?"

Mun isa Obala mun sha shayi da burodi, har mun wanke hannu, sannan mai tauraro ta iso a natse. Sani ya fito ya zagaya motar ƙaninsa, ya taɓa murfin injin ya janye hannu da sauri kamar ya ƙone. Ya ce, "Ana iya gasa tsire a nan." Bala ya ce, "Taka kuwa ana iya yin barci a gabanta, ba za ta iso ba sai an farka."

A shingen fita gari wani jandarma, wato ɗan sandan hanya, ya karɓi takardunmu. Ya gama dubawa, ya yi kuskuren tambaya da Faransanci, "Alaji, wacce ta fi?" Wayyo! Sani ya kama shi da zancen injin da ba ya tsufa da arhar gazuwal, Bala ya kama shi da zancen birki da gudu da yadda mota ke kwanciya a kwana. Bawan Allah ya ɗaga sandar da kansa ya ce mu tafi, don Allah mu tafi. Kawu ya leƙo ta taga ya ce mini, "Ka ga duniya, Tanko. Ina yaro na ɗauki kayan Jamusawa a kaina, yau kayan Jamusawa ne suka ɗauke ni."

Kogin Sanaga da Ntuwi

Kwalta ta ƙare, jar ƙasa ta karɓe mu. Kafin azahar muka sauka bakin Sanaga, inda ake haye da bak, wato faffaɗan jirgin da ke ɗaukar motoci. Ruwa ya cika har ya taɓa saiwar itatuwa. Mun tarar da layin manyan motoci, amma mai jirgin ya ga tsoho, ya matsa mana wuri. Motocin biyu suka hau suka tsaya kafaɗa da kafaɗa, masu su kuwa ɗaya na kallon gabas ɗaya na kallon yamma. Muna hayewa Kawu ya koma motar Sani, ni da buhuna muka bi shi.

Kafin mu kai Ntuwi sama ta ɓalle. Da muka shiga gari muka tarar an saukar da shingen ruwa, wanda ake rufe hanyar ƙasa da shi har ta sha iska. Mai gadin ya ce ko gwamna ne sai gobe. Bala ya yi magiya, Sani ya yi faɗa, sandar ba ta motsa ba.

Muka sauka gidan Malam Garba mahauci, tsohon abokin cinikin Sani. Ya shimfiɗa mana tabarmi a zaure, aka kawo tuwon masara da miyar ganyen rogo, da soyayyar ayaba. Ni dai na ci har na ji kunya. 'Yan'uwan nan biyu suka sa mai gida a tsakiya, kowa na son ya shaida masa. Malam Garba ya ce shi kekensa ma ba shi da birki, su rufa masa asiri.

Kawu ne bai ci ba. Ya ja buzunsa bakin ƙofa, ya fuskanci arewa da carbi a hannu. Na matsa na ce, "Kawu, ko loma biyu." Ya ce, "Ita ma ba ta ci ba, Tanko." Wallahi a nan ne na tsame hannuna daga tuwon. Tsoro ya kama ni, kada mu je mu tarar ana zaman makoki.

Hanyar Yoko

Da hantsi aka ɗaga shinge. Daji mai duhu ya fara buɗewa, ciyawa ta fi mutum tsawo, ƙudan tsando suna bin gilashi. A matsayina na alƙali, ga abin da na gani, kuma ban rage komai ba. A inda hanya ta bushe, mai hanci biyu ta fi, tana wucewa ta bar mu da ƙura. A inda ramuka suka yi yawa, mai tauraro ta fi, tana haɗiye su ko shayi ba zai zube ba. Injin kuwa, babu wadda ta yi ko tari. Na fara tunanin ƙaryar da zan yi wa majalisa don kada su ce na ci amana.

Mun yi azahar da la'asar a wani ƙauye, muka sayi dafaffen rogo da gyaɗa. Sai ga tudun Yoko ya bayyana can gaba. Kawu ya miƙe zaune, ya kama kujerar gaba da hannu biyu.

A gindin tudun nan ne muka tarar da aikin manyan motoci: wani kwari da suka tone, laka ja wur, tsawonta ya fi filin idi na ƙauye. Sani na gaba. Ya ce bismillahi, ya shiga. Mun kai tsakiya, sai mota ta zauna da cikinta, tayoyi suna juyawa a banza.

Bala ya tsaya a kan busasshiyar ƙasa daga baya, ya fito yana gyara hula, bakinsa har kunne. Ya ce, "Yaya, sannu da hutawa. A kawo igiya ne?"

Sani ya leƙo ya ce, "Igiya a gidan wa? A nemo mutane su tura."

"Wane mutane, Yaya? Birai?"

"To a jira ƙasa ta bushe."

Na ce, "Kai Sani, ka ji tsoron Allah, sama fa tana sake haɗuwa." Ya ce in yi shiru, ni alƙali ne ba direba ba. Suka shiga musu ta saman laka, ɗaya daga taga, ɗaya daga tudu, har aka tono zancen wa ya fara aske gemu. Rana kuwa tana ta sauka.

Ban ji buɗe ƙofa ba. Juyawa kawai na yi na ga Kawu a waje. Ya tuɓe takalmansa ya riƙe a hannu, ya naɗe rigarsa, laka har ƙwauri. Ya dogara sandarsa ya nufi tudu.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na jawo buhu na zazzage shi a kan mota, igiya biyu suka faɗo. Na ce, "Sani, ga taka da ka ba ni don Bala. Bala, ga taka da ka ba ni don Sani. Kowacce ita kaɗai ba ta kai ba, sai kun ƙulla. In kun ga dama ku rataye kanku da su." Na bar su suna kallon juna baki buɗe, na faɗa laka na bi tsoho.

Ku ji abin kunya: mutumin da a gida sai an riƙe shi ya hau matakalar masallaci, ni da ƙuruciyata da ƙyar nake cim masa. Takalmina guda laka ta cinye, har yau yana can. Yana tafe yana nuna mini, a rafin nan suke shayar da shanu, a kan dutsen can Ladi ta tsaya tana kuka ranar da zai tafi, ya ce mata in ya sayar da shanu zai dawo.

Yoko

Ana shirin kiran magariba muka shiga unguwar Hausawa. Na kasa kunne tun daga nesa, ban ji kuka ba, na ce alhamdulillahi. Wata jikarta ta shigar da mu ɗaki. Goggo na kwance a kan gadon kara, ta rame kamar a ɗauke ta da hannu ɗaya.

Kawu ya durƙusa ya ce, "Ladi."

Ta miƙo hannu ta shafa fuskarsa, ta shafa gemunsa, ta bi kafaɗa har gwiwa. Sai hannunta ya sauka a kan ƙafarsa, ta ji laka ɗanya. Ta daɗe tana murza ta da yatsu.

Ta ce, "Yaya, da ƙafa ka zo?"

Ya ce, "Na zo, Ladi."

Ta ce, "Na gaya musu. Da ƙafa ya tafi, da ƙafa zai dawo mini." Ta ɗaga murya, iyakar ƙarfinta, tana kiran matan gida su zo su ga yayanta da ya tako tun daga Yawunde. Sannan ta ce a kawo kunu, yunwa take ji. Ni dai na fita tsakar gida na yi kukana.

Ina nan sai ga 'yan'uwan biyu sun shigo, laka har gira. Ashe Bala ya ja Sani baya ya fitar da shi, Sani ya sake hanya ya haye, Bala ya biyo shi ya maƙale a wuri guda, Sani ya ja shi. Suna isa bakin ɗaki suka ji Goggo na ba wata maƙwabciya labarin tattakin. Bala ya buɗe baki zai yi gyara, Sani ya kama wuyan hannunsa. Suka juya sumui-sumui, suka kai motocin can bayan masallaci, suka tara yaran unguwa suka roƙe su kada wanda ya yi zancen mota a gidan nan. Motocin da aka yi shekaru ana faɗa a kan wacce za ta tsaya a ƙofar gida, da hannunsu suka ɓoye su. Tuwon ranar kuwa a kwano ɗaya suka ci.

Komawa

Mun yi 'yan kwanaki, Kawu na zaune bakin gadonta suna tuna mutanen da duk sun mutu suna dariya. Da za mu taho hanya ta bushe, bak bai tsayar da mu ba, jandarman Obala yana hango mu ya ɗaga sanda tun kafin mu iso. Muka shigo Birik bayan la'asar, hayaƙin tsire ya tare mu. Mun gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, mun gode wa Malam Garba da mutanen Yoko, Allah ya saka musu. Goggo ta rasu kafin damina ta zagayo, Allah ya jiƙanta, kuma an ce har ranar ƙarshe duk wanda ya zo gaishe ta sai ya ji labarin.

Amma a yammacin da muka dawo, ko wanka ban yi ba majalisa ta kewaye shagona. Suka ce, "To alƙali, wacce ta kai Alhaji Audu Yoko?"

Na ce, "Kawu da ƙafarsa ya shiga Yoko."

Aka yi ca, wai an saye ni. Aka juya ga Sani, ya ce, "Haka aka yi." Aka juya ga Bala, ya dubi yayansa, ya ce, "Haka aka yi."