Tunkun da Kyanwarmu Ta Shayar

Shekarar da na cika tara, ranar wata Laraba ana tsakiyar girbin gero, na tsinci ɗan tunku a gindin shuri a bakin gonarmu. Karnukan mafarauta sun kashe uwarsa da safe, shi kuwa idonsa bai gama buɗewa ba. Na sa shi cikin hulata na kawo gida, ina tsoron abin da Baba zai ce, don kowa ya san tunku ɓarawon kaji ne, mu kuwa kajin kakata Iya sun cika tsakar gida.

An yi sa'a kyanwarmu Delu ta haihu a ƙarƙashin rumbu, 'ya'ya biyu suka mutu, ɗaya ya rage. Iya ta ɗauko tsumman da Delu ke kwanciya a kai, ta goge ɗan tunkun da shi tun daga kai har wutsiya, sannan ta ajiye shi kusa da nono. Delu ta shinshina shi ta daɗe, can sai ta fara lasarsa. Baba ya tsaya da lauje a hannu ya ce, "Ya zauna. Amma ran da aka rasa ɗan tsako ɗaya, kai da kanka za ka mai da shi daji."

Muka sa masa suna Baƙo. Kullum bayan na ɗebo ruwa a rijiya na share turken awaki, sai in tafi kamo masa fara da gyare. Da hantsi su uku sukan kwanta a inuwar rumbu sun cure wuri ɗaya, ba ka gane wutsiyar wani da ta wani. Yaran unguwa har langa suke bari su zo kallo.

Bayan wata huɗu aka wayi gari babu ɗan tsako ɗaya, ga kuma gashin tsako a bakin Baƙo. Babu abin musu. Na sa shi a buhu na kai shi bayan fadama, na dawo ina kuka har majina. Ran nan Delu ba ta taɓa tuwon da aka zuba mata ba, kashegari kuma aka neme ta aka rasa. A rana ta uku, muna cin abincin rana, sai ga ta ta faso ta ƙasan danga, jikinta duk ƙarangiya, Baƙo yana biye da ita.

Na juya ina kallon Baba. Iya ta ce masa, "To Malam, kai ka kora, uwarsa ta dawo da shi. Sai ku yi shari'ar tsakaninku." Baba ya yi dariya har ya ƙware. Da la'asar ya kwaɓa ƙasa ya yaɓe akurkin kajin, ya yi masa ƙofa da guntun kwano, ya ɗora mini aikin rufewa kullum kafin magariba. Shekara uku Baƙo ya yi tare da mu.

Yanzu ina zaune a hawa na shida na wani bene a Panyu, a ƙasar China, ina ɗaure wa 'yan kasuwa kayan da ake kaiwa tashar jiragen ruwa ta Huangpu. Maƙwabciyata, wata dattijuwa 'yar China, tana da kyanwa da wata farar dabba mai dogon jiki, kamar 'yar uwar tunku. Dabbar tana cikin keji, kyanwar tana kan kujera, kowacce da lokacin fitarta. Na tambaye ta da hannu ko suna kwana tare, ta girgiza kai ta ce "meyo", wato babu. Na so in ba ta labarin gidanmu, amma yarensu da na iya na ciniki ne kawai. Sai na yi mata murmushi na shige ɗaki, zuciyata tana can tsakar gida inda ko dabba ma tana da wanda zai je ya nemo ta.