Matar da ke Cikin Hoton Kasuwa

A cikin adaidaita-sahu na fara jin maganar, muna tsaye a cunkoson Bata, ina dawowa daga makarantar da nake koyarwa. Direban ya kunna rediyo, mai gabatarwa tana sanarwa cewa gidan rediyonsu ya haɗa hannu da wata jami'a, da gidan adana kayan tarihi, da ma'ajiyar tsofaffin takardu da hotuna, za su yi bincike a kan yadda mutanen ƙasar nan suke kallon kansu, da inda kowa yake kira gida. Ta ce da Fagge da Sabon Gari za su fara, suna neman tsofaffin da za su ba da labarin zuwan iyayensu Kano. Na roƙi direban ya ƙara murya, na ɗauki lambar da ta karanto, na kira tun ban sauka ba.

Mahaifiyata ce ta faɗo mini a rai. Mu Inna muke ce mata, mutanen layinmu kuwa Alhaja, domin iyayenta Yarbawa ne Musulmi da fatauci ya kawo Kano. A Fagge aka haife ta, a nan ta yi aure, a nan ta tsufa tana sayar da atamfa. In mun je biki Kudu, dangi su ce ga Hausawa sun iso. In muna gida, a yi kwatance da gidan Yarbawa. Tun ina yarinya nake fatan wani ya zauna ya tambaye mu yadda mu muke ganin abin.

Na shiga gida da murnata, Inna ta watsa mini ƙasa a ido. Ta ce tarihi na manyan mutane ne, ita mai kasa kaya me za ta faɗa wa 'yan jami'a, kuma ba ta son muryarta tana yawo a shagunan mutane. Na yi lallashi, ƙannena suka sa baki, ta ƙi.

Wadda ta karya ta ita ce ƙawarta ta Sabon Gari, wata dattijuwa Ibo, Kirista, tela ce a da, muna ce mata Mama. Tun suna yara suka san juna, domin rumfunan iyayensu mata suna maƙwabtaka a kasuwa. Mama ta bugo waya ta ce ai ita har an zo an ɗauke ta, ta kuma ba su labarin kasuwar kaf, ba ta bar komai ba. Inna ta ajiye wayar, ta ce in gaya wa mutanen nan su zo, don ta san Mama, rabin labarin ƙari ne.

Ranar da za su zo gidanmu kamar ana suna. Aka wanke tsakar gida, aka shimfiɗa sabuwar darduma, aka tuƙa tuwon shinkafa da amala duka biyu don kada a yi kuskuren baƙi. Inna ta canza ɗaurin kai har na gaji da riƙe mata madubi, ko da yake na sha gaya mata rediyo ba ya nuna fuska. Mama ma ta iso da wuri, wai ta zo taya aiki, amma kujera ta ja ta zauna kusa da inda za a yi hirar.

Su uku suka zo: wata malamar jami'a mai fara'a, ita ce shugabar aikin, da wani malami daga ma'ajiyar hotuna riƙe da babbar jaka, da mai gabatarwar nan da na ji a rediyo, da na'urar ɗaukar murya a hannunta. Malamar ta durƙusa ta gaida Inna da Yarbancin da ta ɗan koya, Inna ta amsa mata da Kanancin da ya sa kowa dariya. Daga nan baki ya buɗe. Ta ba su labarin jirgin ƙasan da ya kawo iyayenta, da yadda ta yi karatun allo a zauren wani malami a Fagge, da yadda take ciniki da Hausa amma in ranta ya ɓaci Yarbanci ne yake fara fitowa. Ina zaune ina jin abubuwan da ban taɓa ji ba, ni da na zaci na haddace ta.

Da aka zo kan shekarun yaƙin basasa, Mama ce ta karɓi maganar. Ta ce sun bar Kano da abin da hannu zai iya ɗauka, bayan shekaru suka dawo suka tarar mahaifiyar Inna ta adana musu keken ɗinkinsu a ƙuryar ɗakinta, lulluɓe da zane, har mai tana sa masa. Inna ta sunkuyar da kai tana gyara bakin mayafinta. Mai gabatarwar ta bar na'urar tana tafiya.

Bayan an ci abinci, malamin ma'ajiyar ya buɗe jakarsa ya fito da kwafin tsofaffin hotuna. Ya ce an ɗauke su a kasuwar Sabon Gari tun zamanin Turawa, amma wanda ya ɗauka bai rubuta sunan kowa ba, shi ya sa suke bin dattawa ko za a gane wasu. Hotunan suna zagayawa hannu zuwa hannu, sai Inna ta riƙe ɗaya ta ƙi saki. Wata mata ce a zaune bayan tulin kwanukan sha, ta ɗan juya kai tana dariya, da goyo a bayanta.

"Wannan uwata ce," in ji Inna. "Kuma wannan goyon ni ce."

Ba mu da hoton kakata ko ɗaya. Ta rasu kafin a haife ni, ban san kamanninta ba sai abin da aka ba ni labari. Ƙannena suka yo kan hoton, 'ya'yanmu suna ɗage suna son gani. Mama ta sa tabarau ta karɓa, ta duba sosai, ta girgiza kai.

"Alhaja, ba ita ba ce. Wannan mai kwanukan da ke bayan rumfarmu ce. Uwarki ta fi ta tsayi."

Inna ta ce wa yake gane tsayin mutum a zaune. Mama ta ce ai kakata zannuwa take sayarwa, me ya haɗa ta da kwanuka. Inna ta ce kafin zannuwan ai kwanuka ta fara, lokacin Mama ba ta da wayo. Suka yi ta yi, Hausa tana gauraya da harsuna biyu, mu muna dariya har da hawaye. Na ja malamar gefe na tambaye ta wanne za su ɗauka. Ta ce duka biyun za su rubuta, kowace da hujjarta, domin aikinsu ba yanke hukunci ba ne a kan abin da ba su tabbatar ba. A lokacin na ɗan ji haushi, don ni so nake a ce kakata ce kawai a wuce wurin.

Da izininsu aka saka gardamar a rediyo yadda take. Ranar da za a watsa shirin, mai shagon bakin layinmu ya fito da lasifika waje, maƙwabta suka cika ƙofar gidanmu. Muryar Inna tana fitowa yara suka ɗauki tafi, ita kuwa ta rufe fuska da mayafi, amma ina ganin kafaɗunta suna motsi. Aka kuma saka hoton a shafin gidan rediyon, aka buɗe layin waya. Wani dattijo daga Rijiyar Lemo ya kira ya ce matar da ke hoton gwaggonsa ce, Banufiya. Wata daga Sabon Gari ta ce ɗaurin kan irin na mutanen garinsu ne. Wayata ba ta huta ba, dangi daga Kudu suna ta turo saƙo, wasu na cewa hancin na gidanmu ne sak.

Da aka buɗe baje kolin a gidan adana kayan tarihi, mun cika adaidaita-sahu har da maƙwabta. An ƙara girman hoton ya kusa kai tsayin mutum, a ƙarƙashinsa an jera abin da kowa ya faɗa, da Hausa da Turanci, ga abin sawa a kunne mutum ya ji muryoyin. Keken ɗinkin Mama yana gefe a kan wani teburi. Dattijon Rijiyar Lemo ya zo da jikokinsa, ya gaida Inna, suka tsaya gaban hoton suna nuna wa juna kunne da goshi, daga ƙarshe suka rabu a kan cewa ko ma wace ce, a kasuwa ɗaya iyayensu suka ci abinci. Har yau yana aiko mana da gaisuwar salla.

Ni kam na daɗe a tsaye ina kallon matar. Wani lokaci in ga Inna a dariyarta, wani lokaci in rasa. Ɗalibaina da na gayyato suka kewaye ni da tambayoyi, da yawansu suka ce su ma za su je su zaunar da kakanninsu.

Bayan 'yan makonni malamar ta gayyaci Inna da Mama su yi wa ɗalibanta magana a jami'a. Inna, wadda ba ta taɓa taka aji ba, ta sa aka ɗinka musu anko. Na raka su har bakin zauren, na samu kujera a baya. Da aka miƙa mata abin magana, ta gyara zama, ta dubi ɗaliban, ta ce su ajiye biro tukuna, labarin yana da tsawo, kuma in ƙawarta ta katse ta kada su kula.