Tarihin Malam Safiyanu Mai Awo, Wanda Saƙon Maƙwabta Ya Hana Shi Hawa Jirgi Sau Biyu

Haihuwarsa

An haifi Malam Safiyanu Mai Awo a shekara ta 1949 a garin Droum ta ƙasar Damagaram, mahaifinsa shi ne Yakuba manomin gyaɗa, mahaifiyarsa kuwa Barira. A daren haihuwarsa aka ji wata ƙara ta ratsa saman garin daga gabas zuwa yamma, ba tsawa ba ce domin rani ake yi, ba ta kuma yi kama da kukan wata dabba da aka sani ba. Jakuna suka tsinke igiya, kaji suka yi kwana huɗu ba su yi ƙwai ba. Sai bayan mako guda wani tsohon soja ya bayyana cewa jirgin sama ne ya wuce. Barira ta riƙa ba yaron wannan labari har ya girma da yaƙinin cewa akwai alkawari tsakaninsa da jirgi, kuma ba zai bar duniya ba sai ya hau.

Karatunsa

Ya shiga makarantar allo a 1956, aka kuma sa shi lakwal, wato makarantar boko, a 1958, inda ya yi shekara uku. Ya ƙware a lissafi, amma mushensa, wato malamin ajinsu, ya sallame shi saboda duk lokacin da ya ji wani gunji a sama sai ya fita ta taga.

Sana'arsa da Iyalinsa

A 1966 ya shigo birnin Damagaram ya kama aikin awon gyaɗa, inda ya shahara da wata baiwa: yakan ɗaga buhu da hannu ɗaya ya faɗi nauyinsa, a ɗora kan ma'auni a tarar bai kuskure rabin kilo ba. Da kasuwar gyaɗa ta mutu bayan farin 1973, sai ya koma awon gero da wake. Ya auri Rahina a 1972, suka zauna a unguwar Kara-Kara, Allah Ya azurta su da ƴaƴa huɗu.

Daga 1998, shekarar da ƴarsa Ummul Khairi ta yi aure a Yamai, ya zama yana ziyartarta a kar, wato babbar motar fasinja, kowace kaka. Bisa al'adar unguwar, matafiyi ba ya kama hanya sai ya bi gida-gida ya yi sallama ya nemi gafara, kowane gida kuma ya ba shi saƙo zuwa ga dangin gidan da ke can. Gida ashirin da uku yake bi. Ba a taɓa jin ya ƙi saƙo ba, ba a kuma taɓa jin ya ɓatar ba, har a 2004 ya kai zabi biyu da ransu da ƙyauren ƙarfe. Mafi yawan saƙo a wurinsa ita ce maƙwabciyarsa Kaka, matar Malam Dodo wanda ya rasu a 2011, domin autarta na Yamai kuma ba ta cin daddawar kowa sai ta uwarta.

Yunƙuri na Farko

A 2019 wani ƙaramin kamfani mai suna Tsattsewa ya fara jigila tsakanin Damagaram da Yamai da farashin da talaka zai iya, sai babban ɗansa Suma'ila ya saya masa biye, wato tikiti. Sharuɗɗan biyen su ne: kaya kilo bakwai kacal, ba a mayar da kuɗi, ko ruwan sha a ciki saye ake yi. Da yake tafiyar ta sama ce, Malam Safiyanu ya tsawaita neman gafara a kowane gida, mutane kuma da suka ji saƙo zai isa a yini guda suka ninka abin da suka saba bayarwa.

A filin jirgi, kafin ma'aikaciyar awon kaya ta dubi ma'auninta ya sanar da ita cewa kayansa kilo sittin da ɗaya ne da rabi, aka duba aka tarar haka ne. Ta kira abokan aikinta suka yi ta ba shi akwatunan fasinja yana faɗin nauyinsu suna tafi, amma wannan bai sassauta doka ba, kuɗin rarar kayan kuwa ya ninka na biyen sau uku. Ta ce, "Baba, ka zaɓi kilo bakwai, sauran a mayar gida." Ya ce, "Ƴata, na wa zan mayar?" Ya tsaya a bakin shinge har jirgin ya tashi ya ɓace, sannan ya ɗora kayan a amalanke zuwa tasha, ya yi awa goma sha biyar a kar.

Yunƙuri na Biyu

A 2022 Suma'ila ya sake saya masa biye. Wannan karon ya fita sallama da ƙaramin ma'auni a aljihu, ya raba kilo bakwai ga gida ashirin da uku, kowa ya sami giram ɗari uku da ƴan kai. Ya cire curi biyar daga daddawar Kaka a gaban idonta, ta ce da Dodo na raye da ba a auna mata daddawa kamar zinariya ba. Duk da haka lissafi ya fita daidai.

Yana bakin ƙofar filin jirgi sai ga Mai Nasara tela, wanda yake ƙauye ranar sallama, a bayan kabu-kabu rungume da turmi da taɓarya na ƴarsa amarya. Ya ce, "Malam, kowa ka karɓar masa, ni kaɗai ne bare a unguwar?" Malam Safiyanu ya ɗaga turmin ya ce kilo goma sha huɗu ne, sannan ya tambayi ɗan kabu-kabun nawa zai kai shi tasha. Turmin ya yi tafiyar a tsakanin ƙafafunsa.

Hawansa Jirgi

A 2024, yana da shekara saba'in da biyar, ƙafarsa ta fara nauyi, iyalinsa suka ji tsoron kada ajali ya riga alkawarin. Limamin unguwa ya yi sanarwa bayan sallar La'asar, a ranar da Malam ya tafi kasuwa, cewa kada wanda ya ba shi ko allura. Ya bi gidajen duka, kowa ya yi masa addu'a hannu rabbana. Kaka ta kulle kanta a ɗaki ta yafe masa ta bayan ƙyaure, domin ba ta amince da hannunta ba. Ya koma gida cikin damuwa ya tambayi Rahina ko ya taɓa ɓatar wa wani da wani abu bai sani ba.

Ranar Laraba, 13 ga Nuwamba, ya hau jirgi da carbinsa kaɗai. Kujerarsa ta tsakiya ce, domin ta taga tana da nata kuɗin, amma wata ƴar kasuwa mai jin jiri ta yi musanya da shi. Ya ba da labarin cewa hanyar Takieta daga sama kamar zare take, ya kuma ga wani kar a kanta ya tausaya wa na ciki. Ya ce ƙarar da ta tsinka igiyar jakunan Droum, in kana cikinta, ba ta wuce ta injin niƙa a bayan katangar maƙwabci ba. Ya dafa kujera da hannu ɗaya don ya ƙiyasta nauyin jirgin, ya kasa, kuma wannan ne kaɗai abin da ya taɓa gagarar hannunsa.

A Yamai ya tarar da dangin gidajen nan suna jiransa kamar kullum, domin ba wanda ya tuna ya sanar da su hukuncin liman. Kunya ta kama shi ƙwarai, don haka ya bi su ɗaya-ɗaya ya karɓi saƙonsu zuwa gida, kilo tamanin cif. Biyensa na zuwa da dawowa ne, amma a kar ya dawo.

Rasuwarsa

Allah Ya karɓi ransa ranar Litinin, 21 ga Yuli 2025, bayan sallar Azahar, yana kishingiɗe a ƙofar gidansa, ba tare da wata jinya ba. An yi masa sutura aka binne shi kafin Magariba. Ya bar matarsa Rahina, da ƴaƴansa Suma'ila, Ummul Khairi, Habu da Sadiya, da jikoki goma sha tara.

Ranar sadakar uku, bayan an shafa fatiha, Kaka ta dogara sandarta har tsakiyar mata, ta dubi Rahina ta ce, "Wai ya aka yi bai zagayo sallama ba, alhali ina da saƙo zuwa ga Dodo?"