Dattijon da Ke Sauraron Modem

Wani dattijo mai gyara yana durƙushe a ƙarƙashin teburin ofis, tabarau a kan hanci, modem a hannu. Ramuka huɗu ne a bayanta, kwamfuta kuma tana neman lambar kowanne. Ya cusa waya nan, ya zare, ya cusa can, fitilar na nan ja wur. Da gani a gyaran tarho ya tsufa, zamanin da layi ke ƙara. Manaja kuwa ta rantse in yau bai gama ba, wani za ta kira.

Can sai ya kara modem ɗin a kunne, ya yi tsit.

"Baba, ai ba ta magana," in ji manaja.

"To 'yata, ya zan san inda ke mata ciwo?"